Malamin ƙauye mai albashin dubu 75, ta ina zai samo kuɗin gina gida?

Baban_Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma wanda ya san abin nake so ya amsa min ba 'yan "na ji an ce" ba.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye, ƙaramar hukumar ba sai na faɗa ba. Shekarata 40, mata ɗaya yara biyar, abin da yake shigowa a alat bayan an yanke na yankewa bai wuce dubu 75 ba, shi ma sai bayan ƙarin mafi ƙarancin albashin nan na 2024 ya kai haka. Har yau a gidanmu na gado nake zaune ɗaki biyu, kuma gidan muna da yawa magada, ƙannena biyu sun isa aure ɗaki kawai suke jira, to kun dai san irin zaman, ba wanda ya buɗe baki ya ce min tashi amma ni na san abin da ake ciki. Fili kam ina da shi Alhamdulillahi, mahaifinmu ne ya yankar min a gefen gona tun yana raye, sai dai takardar da ke hannuna ta mai unguwa ce da hatimin dagaci da shaidu, babu wani satifiket.

Abin da ya ɗaure min kai, duk wata ina ganin wani abu wai shi NHF a takardar albashi ana cirewa. Wani abokin aikina ya ce ai kuɗin gida ne, in na nema za a ba ni rancen miliyoyi in gina in dinga biya a hankali har in yi ritaya, wani kuma ya ce in manta kawai wannan na 'yan Abuja ne. Ga rediyo kullum ana maganar gidajen Renewed Hope na gwamnatin Tinubu, ga alkawarin da Buhari ya yi mana ranar malamai ta duniya a 2020 cewa za a yi wa malaman karkara gidaje masu sauƙin kuɗi har da alawus na zaman ƙauye, mu dai a nan ƙarin shekarun aiki ne kawai muka ji ya zama doka.

To mutum irina da gaske akwai ƙofar da zai bi ya samu kuɗin gini ko dai ina yaudarar kaina ne? Ba fa bene nake so ba, ciki da falo, ɗakin yara, banɗaki, katanga, shi ke nan. Kuma in da hanyar da babu kuɗin ruwa a ciki ta fi min. Ngd.

Tsohon_Akanta:

Wa alaikumus salam Malam. A sashen kuɗi na ƙaramar hukuma na yi aiki har na ajiye, wannan yankan da kake gani da hannuna na sha yin sa, don haka zan gaya maka yadda abin yake, in ya yi ɗaci ka yi haƙuri.

Abokan naka biyu kowa ya kama gefe ɗaya ne. NHF asusun gidaje ne na ƙasa, doka ce tun 1992 zamanin Babangida, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na besik ɗinka, wato albashi banda alawus, duk wata a tura bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN. Wanda ya yi wata shida yana zubawa ya cancanci neman rance, ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, lokacin biya yana kaiwa shekara 30, da can iyakar abin da suke bayarwa miliyan 15 ne yanzu sun ɗaga zuwa miliyan 50. A takarda dai babu rancen gida mai sauƙin wannan a ƙasar nan, bankin kasuwa ruwansa ya haura kashi 20. Abokinka na farko bai yi ƙarya ba.

Amma ɗauko biro mu yi lissafi da albashinka. Ƙa'ida ita ce ba za a cire maka fiye da ɗaya bisa uku ba, dubu 25 ke nan a wata. Kana da shekara 40, su kuma a al'ada so suke ka gama biya kafin 60, saura shekara 20. Kowace miliyan ɗaya a ruwan kashi 6 na tsawon shekara 20, biyanta dubu 7 ne da 'yan kai a wata. Raba dubu 25 da wannan, za ka ga ƙarfinka miliyan uku da rabi ne, kuma kafin ka gama ka biya miliyan 6 cif. Sannan ka tambayi kanka, kai da mutum shida za ku rayu a kan dubu 50 na shekara 20?

Yanzu gidajen Renewed Hope ɗin da kake ji. An ƙaddamar da na Karsana a Abuja cikin Fabrairun 2024, gida 3,112, sai aka fara na jihohi gida 250 kowace, Katsina da Sakkwato da Yobe da Gombe suna ciki. Mafi ƙanƙanta mai ɗaki ɗaya kuɗin da aka sanar miliyan 8 ne zuwa 9. Ka ga ko rabinsa ba ka kai ba. Ko da ka kai ma, gidan yana bakin babban gari kai makarantarka tana ƙauye, za ka dinga tahowa da safe ne a mashin da man dubu nawa? Mu da muka ga lokos na Shagari, gidajen nan masu sauƙin kuɗi, da idonmu, aƙalla shi an kai shi har wasu hedikwatocin ƙananan hukumomi, duk da wasu an dasa su can cikin daji sun daɗe ba kowa sai awaki.

Inda maganar take ƙarewa gaba ɗaya ita ce takarda. FMBN ba ya miƙo maka wannan rancen hannu da hannu, sai ka bi ta bankin jinginar gidaje, su kuma abu na farko da za su ce ka kawo shi ne C of O, wato takardar mallakar fili mai sa hannun gwamna, da zanen gini wanda hukuma ta sa wa hannu, da rahoton mai kimanta kadara, da shaidar biyan haraji. Dokar filaye ta 1978 ta raba abin biyu, filin birni yana hannun gwamna, na karkara ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallaka ta gargajiya. To banki wadda gwamna ya sa wa hannu yake so. Ta dagaci ko kallonta ba za su yi ba. Kuma kada ka ce mugunta ce zalla, tambayar da ɗan banki yake yi wa kansa ita ce in wannan ya kasa biya wa zan sayar wa gidan? A Kano ko Kaduna kafin la'asar an samu mai saye. A ƙauyenku wa zai fito ya sayi gidan da aka ƙwace daga hannun Malam, a gefen gonar ubansa, ya kuma zauna lafiya da mutanen gari? Babu. Shi ya sa gidan ƙauye ba ya zama jingina komai kyansa, kuma shi ya sa duk tsarin da aka gina a kan jingina yake wuce ku ta sama.

Abin da hannunka zai iya kaiwa a wajensu guda ɗaya ne a ganina, rancen gyaran gida. Da can iyakarsa miliyan ɗaya ne, ba a neman C of O, albashinka ne jinginar tare da masu tsaya maka, a biya cikin shekara biyar, wajen dubu 20 a wata. Amma ba kai kaɗai za ka je ba, ta wajen ma'aikata ake haɗa sunaye a tura, kuma sai in kuɗin da ake yanka muku yana isa can. Wasu jihohin sun taɓa ficewa daga tsarin gaba ɗaya. Ka danna *219# a layin da ka yi rajista da shi ka ga ko akwai wani abu da sunanka, in babu ku tashi shugabannin ƙungiyar malamai ta NUT na yankinku su bi sawu, aikinsu ne. Ko ba ka ci rance ba kuɗinka ne, ana mayar maka in ka yi ritaya, sai dai lokacin Allah kaɗai ya san buhun siminti nawa zai saya.

Abu_Hafsa:

Baba Akanta Allah ya saka da alheri, amma Malam ya ce yana son hanyar da ba ruwa, kuma kashi 6 ko kashi 1 duk riba ce, kada ƙanƙantar ta ruɗe mu. Akwai bankunan Musulunci, Jaiz tun 2012 yake aiki, ga TAJ ga Lotus, suna yin ijara, wato tsarin haya, ko kuma ku haɗa hannu ku mallaki gidan kai da banki kana sayen kasonsu a hankali har ya zama naka. Sai dai gaskiya Malam ban ga ka shiga nan ba, domin su ma takardar da Baba ya faɗa za su tambaye ka, kuma ribar da suke ɗorawa ba ƙarama ba ce don su ma kasuwa suke yi. Abin da ya dace da kai bashi ne na ƙardan hasanan, ka karɓi ɗari ka mayar da ɗari, wannan kuwa sai a ƙungiya.

Maman_Sadiq:

Malam Baban Ummi sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin ƙauye, albashina bai fi naka da wani abin kirki ba, kuma yanzu haka daga cikin gidana nake rubuta wannan, bai kammalu ba har yau, ɗaki ɗaya ko filasta babu amma nawa ne, ba mai ƙwanƙwasa min ƙofa ƙarshen shekara. Ban taɓa shiga banki neman ko sisi ba.

Mu kofaretib muke da shi na ma'aikatan lafiya, tun daga sama ake cire zubin kafin albashi ya shigo hannu, wannan shi ne sirrin wlh, domin kuɗin da ya riga ya shigo waya ba ya kwana, yau suna gobe biki jibi yaro ba lafiya. In ajiyarka ta taru ana ba ka ninkinta bashi ba ruwa, kuɗin fom kawai za ka biya, mutum biyu 'yan ƙungiya su tsaya maka. In kaya kake so kuma ƙungiya ta sayo kwano ko siminti a sari ta ɗora 'yar riba da kowa ya sani ta sayar maka, ka biya wata-wata. Da bashin farko na yi fandisho, na biya na sake ɗauka na kai linta, na uku na rufa. Haka ake yi, mu ba ma gina gida, ɗaki muke ginawa, in ya yi ɗaki uku sai mutane su ce wance ta yi gida.

Adashi ma yana yi amma a kula. Wanda muka fara a 2023 siminti bai kai dubu 5 ba, kafin a zo kan ɗaukar ƙarshe a farkon 2024 buhu ya haura dubu 10, baiwar Allahn da ta yi ɗaukar ƙarshe rabin abin da ta farko ta saya ta samu, har sai da aka yi ɓacin rai. Daga nan muka canza, yanzu ba kuɗi muke yankewa ba, buhu muke yankewa, kowa zubinsa kuɗin buhu biyu a farashin ranar, ya tashi mu tashi tare ya sauka mu sauka tare. Kuma kada ku bar kuɗin ƙungiya a hannun mutum ɗaya komai gemunsa ko hijabinta, mu an taɓa yi mana, wani ma'aji ya juya kuɗin ya sayi hatsi wai zai sayar in ya yi tsada ya mayar, farashi ya faɗi, sai da aka yi shekara ana zaman sulhu. Asusu a banki, sa hannun mutum uku, a karanta lissafi gaban kowa.

Sai abin da ya fi damuna a rubutunka, kuma ban ga maza sun taɓo shi ba. Ka ce filin kyauta ce daga mahaifi. Malam kafin ka ajiye bulo ko ɗaya a wurin nan ka tara 'yan'uwanka kaf, har matan da ke gidan aure kada ka ce ai mata ne, a gaban liman da mai unguwa kowa ya sa hannu ko ya dangwala cewa wannan wuri Baba ya ba ka tun yana da rai ba ya cikin gado. Yanzu da yake fili ne fetal kowa zai sa hannu yana dariya. Ranar da aka ga kwano yana ƙyalli a kai sai ka ji wani ya tuno ai ba a raba ba. Daga nan ka ɗauki takardar ka kai sashen filaye na ƙaramar hukuma su yi maka tasu, ko banki bai karɓa ba alƙali zai karɓa.

Oga_Birkila:

Hajiya ta gama magana. Ni bari in shigo ta wajen aikina don rabin kuɗin da mutane suke nema rance a kai ɓarnarsa suke yi.

Malam abu na farko, kada ka tara siminti a ɗaki. Yana wuce wata uku ya fara kama jikinsa, in damina ce ko a ƙasa ka ajiye shi ma ba ya kaiwa, ka zo ka tarar da dutse. In kuɗi ya shigo maida shi bulo, ko kwano, ko rodi, su ne ba sa lalacewa kuma kullum tashi suke. In za ka buga bulo ka kira mai bugawa ya zo filinka ka tsaya a kansa, buhu ɗaya kada ya wuce bulo 35 na inci tara, a gidan bulo wasu har 50 da 60 suke fitarwa shi ya sa kana ɗagawa yana marmashewa a hannu. A ba shi ruwa safe da yamma sati guda, yaranka ma sun isa wannan aikin.

Na biyu, kuma nan ne za a ce na faɗi abin kunya, ba dole ne ka yi bulon siminti tun daga ƙasa har sama ba. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da 12 yana cin bulo wajen 400 banda na fandisho, kai kuma ɗaki uku kake so da katanga, lissafa ka gani. Abin da nake yi wa mutanen ƙauye masu ƙaramin ƙarfi, a haƙa fandisho mai kyau a zuba kankare, a jera bulon siminti layi uku ko huɗu sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai don kada danshi ya hau, daga nan a ɗora bulon ƙasa har sama. Jar ƙasa tana bayan gari, kuɗin amalanke ne da na masu kwaɓa, a sa mata ciyawa ko ƙaiƙayi a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a buga, a buga da rani ya bushe sosai. Gidajen ƙasar da kuke gani suna zubewa in an yi ambaliya irin ta 2022, je ka duba, ta gindi ruwa yake cinye su ko ta sama inda rufi ya yoye, ba ƙasar ce ba ta da ƙarfi ba, ganuwar Kano da me aka yi ta? In ka tsare gindi ka tsare kai, ka sa kwano ya fito waje sosai ruwa ya dinga zuba nesa da bango, wannan ɗakin jikanka ma zai kwana a ciki. Ga sanyi lokacin zafi wanda ɗakin bulo ba ya yi.

Wajen filasta ne ake cuta. Siminti ba ya kama ƙasa, in aka shafa haka kawai damina biyu zai ɓamɓare falle-falle ruwa ya shige ta baya, ya fi ma ba a yi ba. Sai an kafa ƙusoshi an ja wayar kaji a jikin bangon sannan a yi. In ba hali a bar shi da yaɓen ƙasa ana sabuntawa, iyayenmu da makuba suke yi ta ɓawon ɗorawa kuma tana riƙewa. Azara ce dai yanzu ta yi wuya, giginyar ta ƙare, sai katako, shi kuma a shafe shi da baƙin mai saboda gara. Kwano bandir ɗaya falle 20 ne, kusan ɗaki guda ke nan, kada ka sayi mai shara-shara don araha iska ɗaya za ta naɗe maka shi.

Kuma ka fara da banɗaki da ɗaki biyu ka tare, katanga a yi ta zana ko ta kara tukuna. Gidan da ake ciki ya fi saurin ƙaruwa, kango kuwa ɓarayin rodi ne da 'yan shaye-shaye suke gadinsa.

Ɗan_Kadawa:

Ni fa duk maganar nan taku tana ba ni haushi ta wani gefen, ba da ku nake ba. Malam yana da alat duk wata, yana da fili, yana da ƙungiya, kuma shi ne ake cewa bai kai ba. To ɗan ƙwadago fa? Ku zo Kura da Kadawa lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir ku ga mutanen da suke wannan aikin, kuɗin yini ake ba su a hannu da yamma, 'yan ci-rani a bukkar kara suke kwana a bakin gona, wata huɗu akwai aiki wata huɗu babu. Wannan wane besik za a cire masa kashi 2.5? An ce wai masu sana'ar hannu ma za su iya shiga ta ƙungiya su dinga zubawa, to biya duk wata fa, mutumin da kuɗinsa na kaka ne? In da gaske ake a yi rancen da za a biya sau ɗaya ko biyu a shekara in an yi girbi, ƙarami, na kwano da siminti kawai.

Kuma Hajiya da Oga kun ba shi dabarar yadda zai yi da kansa, madalla, amma kada mu saba har mu manta haƙƙin wa ne. Da ai in aka gina makaranta ko asibiti a ƙauye har da kwatas ake yi, yanzu je ka ga kwatas ɗin jemagu ne a ciki, shi ya sa duk wanda aka tura ƙauye sai ya kama haya a gari yana zuwa ƙarfe goma yana tafiya sha biyu. A 2020 an ce za a gina gida dubu 300 na talakawa da biliyan 200 daga Babban Banki, gidan miliyan biyu-biyu, wa ya ga ɗaya a ƙauyensu ya ɗaga hannu.

Sai dai mu ma da namu. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka fara a Kebbi a 2015 ai irin wannan ne, a ba ka kaya ka biya da shanshera in ka girbe, mutane da yawa suka ce rabonsu ne na gwamnati suka ƙi biya. To gobe wa zai yarda ya kawo na gida?

Mushe_Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ni ma malamin lakwal ne, wato makaranta, nan jihar Maraɗi, matsalar guda ce. Mu ma an buɗe muna bankin gidaje a Yamai ƙarshen 2018, amma malami ɗan kwantaragi da ke cikin ƙauye bai san ƙofarshi ba, kuma mafi ƙarancin albashi nan jika 42 ne na sefa, wato dubu 42. Zamanin shugaba Tandja har filaye aka ba ma'aikata a madadin bashin albashi, da yawa suka saida ma 'yan kasuwa da araha don ba su da abin ginawa, fili ba kuɗi ai kun ga inda yake ƙarewa. Abin da ya ɗan taimaka kwanan nan shi ne rage kuɗin siminti da gwamnati ta yi a Oktoban 2024 bayan ambaliya.

Abu biyu nike so in ƙara. Asusun da Hajiya ta faɗa, nan muna da Mata Masu Dubara, ƙungiyar CARE ta fara shi a Maraɗi a 1991, mata su zuba kowane sati cikin akwati su ranta ma junansu, yanzu an kwaikwaye shi ƙasashe da yawa. Mata da dama da shi suka rufa ɗaki, kuma ba su da albashi, don haka Ɗan Kadawa ɗan ƙwadago ma yana iyawa in an samu riƙon amana. Na biyu Oga birkila ya ce azara ta yi wuya, to nan akwai gini ba itace, tun wajen 1980 aka fara koya ma magina, rufin duka da ƙananan tubalin ƙasa ake lanƙwasa shi kamar kubba, ba katako ba kwano. Yana da sanyi ƙwarai, amma sai maginin da ya koya da gaske, kuma duk shekara kafin ruwa sai an hau an duba yaɓe da indararo. Wanda bai iya ba in ya yi maka, kai za ya faɗo ma.

Tsohon_Akanta:

Ɗan Kadawa ban ƙi taka ba ko kaɗan, maganar kwatas gaskiya ce, kuma ita ce mafi araha ga gwamnati in da za a yi, tunda filin makaranta nata ne ba ruwanta da C of O. Amma Malam ƙannensa ba za su jira kasafin kuɗi ba.

Wani ya turo min saƙo a gefe yana tambayar maganar kuɗin fansho, gara in amsa a nan kowa ya gani. E, tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda mutum ya ɗauki har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fanshonsa, in ya yi wata 60 yana zubawa. Amma ba a hannu za a ba ka ka je ka sayi bulo ba, kafin alƙalami ne na rancen jingina, bankin za a tura wa, ka ga mun koma kan takardar nan dai. Sannan sai wanda yake cikin tsarin fansho na zubi, malaman ƙananan hukumomi da yawa a arewa ba sa ciki.

Abu Hafsa, maganar ruwa na bar wa malamai, ni lissafi na sani.

Baban_Ummi:

Kai jama'a Allah ya biya ku, ya jiƙan mahaifa. Baba Akanta na danna lambar ta ce layina ba shi da rajista, zan samu sakataren ƙungiyarmu ranar Litinin in ji ta inda za a fara, ko ba don rance ba in san inda kuɗina yake. Hajiya maganarki ta hana ni barci jiya wlh, akwai yayarmu da ke aure a wani gari, in ta zo sunan da za a yi ƙarshen wata zan tara kowa a yi takardar. Muna da kofaretib na malamai ban taɓa shiga ba saboda ina jin ana cewa ana ɗora kashi goma a bashi, zan je in ji ko suna da ɓangaren sayen kaya.

Oga birkila tambaya biyu, wayar kajin nan ciki da waje ake sawa ko waje kawai ya isa? Sannan ƙasar wajenmu tana da yashi-yashi, ta yaya zan gane ko za ta yi bulo kafin in biya masu amalanke?